Kwamitin Tsaron Unguwa: Yadda Za Ku Zaunar da Hukumomi a Tabarma Ɗaya

A yawancin unguwannin Kano, kwamitin tsaro ana kafa shi ne ranar da aka wayi gari da mummunan labari. Ko an fasa shaguna uku a bakin titi, ko an sari wani yaro a lungu an ƙwace masa waya. Bayan isha'i liman ya ce jama'a a ɗan dakata, kowa ya amayar da ɓacin ransa, a yanka wa kowane gida kuɗi, a sayo tocila da usur da gora, a ɗebi samari su riƙa zagaye. Wata biyu abin na tafiya. A na uku kuɗi ya daina shigowa, samari sun gaji, ko kuma sun yi wa ɗan wani dukan da ya kwashi kowa zuwa caji ofis.

Na riƙe littafin irin wannan kwamiti na 'yan shekaru a wata unguwa ta bayan gari. Gora ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da ya daɗe yana kayar da mu shi ne rashin sanin wace matsala ce ta wace hukuma, da rashin hanyar da za a sa hukumomin su ji ta bakin juna. Kowace tana aikinta a ofishinta, ɓarawo kuwa yana bi ta tsakaninsu. Ga yadda muka bi daga baya, da inda muka yi tuntuɓe.

Ku fara da littafi, kafin ku kira kowa

Ku sayi littafi mai kauri, ku ba mutum ɗaya mai riƙon amana. Tsawon mako huɗu a rubuta duk abin da ya faru: rana, lokaci, wuri, abin da aka yi, da ko an kai rahoto ko ba a kai ba. Kada a rubuta sunan wanda ake zargi. Littafi yana iya faɗawa hannun kowa, kuma zargi ba hujja ba ne.

Kada ku tsaya kan abin da magidanta suka faɗa a ƙofar masallaci, domin su ne suka fi kowa rashin sanin unguwar da rana. Ku tambayi mai shayin da ba ya tashi sai ƙarfe ɗaya, da 'yan garuwa, da 'yan adaidaita na bakin layi, da maigadin makaranta. Ku nemi mata biyu, misali malamar Islamiyya da ungozoma, su shiga gidaje. Akwai lungun da 'yan mata suka daina bi in an aike su markaɗe, akwai gidan da yara ke tsoron wucewa ta gabansa, kuma ba za a taɓa faɗa wa namiji wannan a bainar jama'a ba.

Mu da muka fara, kowa ya rantse ɓarayi daga wata unguwa suke zuwa da tsakar dare, shi ya sa 'yan sintirinmu ke fitowa ƙarfe sha biyu. Da muka karanta littafin sai jikinmu ya yi sanyi. Mafi yawan ƙwacen wayar tsakanin magariba da isha'i ake yinsa, a wani kwararo guda da ke bayan wani kango, inda fitilar kan hanya ta mutu tun bara. Samarinmu suna barci lokacin da ake ɓarnar, suna yawo lokacin da ɓarayin ke barci. Muka zana unguwar a bayan kwali, muka ɗiga jan biro a duk inda abu ya faru. Wannan kwalin ya yi mana aikin da dogon jawabi bai yi ba.

Ku bi ta gidan sarauta

Da littafi da kwali a hannu, ku je wurin mai unguwa, shi ya kai ku ga dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Takardar gayyatar hukumomi ta fito da sa hannunsu, ba da sunan wata ƙungiyar matasa da ba wanda ya sani ba. Baturen 'yan sanda ana iya canza masa wurin aiki gobe, kansila yana tafiya da zaɓe, mai unguwa kuwa yana nan. Ku gayyaci kansila, amma kada ku ba shi shugabanci, kada kuma a yi zaman a gidan ɗan takara. Ranar da kwamiti ya sa hular jam'iyya, rabin unguwa ta fita ke nan.

Ku raba matsalolin, kowace ga mai ita

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure: a kwashi komai a jibge wa baturen 'yan sanda, wato DPO, in bai yi ba a ce 'yan sanda ba sa aiki.

Binciken laifi da kai mai laifi kotu aikin 'yan sanda ne. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, don haka sata da sara da fyaɗe da kisa ƙarshensu caji ofis ne, ko wane ne ya fara kama mai laifin. Kuma ba alfarma kuke nema ba idan kun ce a zauna da ku. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, yana nan tun 1984, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin aikin tsaro tare da al'umma. Ku tambayi wane ne shugaban PCRC na yankinku, sau da yawa shi ne zai buɗe muku ƙofar ofishin.

Ƙwaya ta hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ce, wato NDLEA. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da su a cikin shekara guda, kuma a shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Amma ku rarrabe tsakanin mai sayarwa da mai sha. Dila a kai sunansa NDLEA a asirce. Kemis ɗin da ke sayar wa yara tiramol ta bayan kanta, a haɗa da hukumar da ke ba masu sayar da magani lasisi, domin ita ce ke iya rufe shagon. Yaron da ya zauce kuwa magani yake buƙata, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya fi masa amfani a kan ɗakin tsarewa.

Satar wayar lantarki da kwance taransifoma da fasa bututun ruwa, ku kira Sifil Difens. Kare kayan gwamnati na cikin manyan ayyukansu, kuma su ne ke ba kamfanonin gadi lasisi, in har kuna tunanin ɗauko masu gadi na kamfani. Hisbah, wadda aka yi wa doka a Kano a 2003, ta fi kowa iya sulhun ma'aurata da maƙwabta, da batun yaran da suka ɓata, da gidan da aka mayar matattarar baɗala. Tashar da 'yan adaidaita suka ƙirƙira a kan kwana har ta zama maɓoyar 'yan sane, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA za a yi wa magana.

Wadda aka fi mantawa ita ce ƙaramar hukuma, alhali jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora mata fitilun kan hanya, da magudanan ruwa, da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba, da kula da shaguna da rumfuna. Duk wannan tsaro ne. Ka taɓa ƙoƙarin yi wa motar sintiri kwatance da dare? "Ku wuce mai ƙosai, ku sha kwana a gidan mai baƙin get." Kafin su iso an gama. Kangon da aka bari shekara da shekaru kuma, mai unguwa ya nemo mai shi, in ya ƙi toshewa a rubuta wa hukumar tsara birane ta KNUPDA.

Sai asibiti. Kowa a kwamiti ya san cewa dokar 2017 ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Idan fyaɗe ne, a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala. A kai yarinya ko yaron nan take, kada a tsaya wanka ko wanke tufafi, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Kuma ina roƙonku, kada kwamiti ya zauna sulhu a kan fyaɗe. Na ga an yi, da sunan rufin asiri, kuma wanda aka rufa wa asirin bai daina ba.

Zaman farko

A yi shi a ƙofar gidan dagaci ko a ajin firamare, da rana, kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Mutum 12 zuwa 15 sun isa: mai unguwa, liman, wakilin coci in akwai Kirista a unguwar, mata biyu, matasa biyu, shugaban 'yan sintiri, wakilin 'yan kasuwa, shugaban makaranta, da wakilan hukumomi. Taron mutum ɗari ba a yanke komai a cikinsa sai tafi.

Abu ɗaya za ku nace a kai: kowace hukuma ta ba ku mutum guda, da sunansa da lambar wayarsa, wanda shi ne zai riƙa zuwa kullum. In yau an turo wannan gobe wancan, kullum daga gaisuwa za ku fara.

Ku ɗauki matsala uku kacal, ko biyu. A kan kowace a rubuta wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe. A zamanmu na farko wani dattijo ya miƙe zai karanto laifuffukan 'yan sanda tun na shekara goma. Mai unguwa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yau ba shari'a muka zo ba." Na shimfiɗa kwalin nan a gaban sufeton da DPO ya turo, na ce, "Yallaɓai, ba mu ce ku kwana a unguwarmu ba. Wannan kwararon, daga magariba zuwa isha'i, motarku ta tsaya a bakinsa ko sau uku a mako." Ya duba jajayen ɗigon nan, ya ce wannan mai yiwuwa ne, tunda hanyarsu ce ta komawa ofis. Wakilin ƙaramar hukuma ya ɗauki batun fitila, mai unguwa ya ɗauki na kango. Fitilar ba ta zo ba, sai mu muka haɗa kuɗi muka sa ta sola, amma aƙalla mun san wanda ya gaza, kuma a zama na biyu an karanta a gabansa.

Wannan karantawar ita ce ƙashin bayan abin. Kowane zama a fara da alkawuran da aka yi a na baya, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da zagi ba. Ma'aikaci ba ya son a kira sunan hukumarsa a gaban takwarorinsa a ce ba a yi ba.

'Yan sintiri: a ɗaure su da ƙa'ida tun ranar farko

Kada ku ɗauki mutum don ƙirarsa ko don ana tsoronsa. Kowane ɗan sintiri ya kawo magidanta biyu da za su tsaya masa, a kai sunansa da hotonsa wurin DPO da ofishin 'yan bijilante na ƙaramar hukuma, a ba shi riga da katin shaida. Mai shaye-shaye ba ya shiga, ko ɗan wane ne.

Doka ta yarda mutumin gari ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma ta ce ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakar ikon ke nan. Babu ɗakin kulle mutane, babu ɗaure wa mutum hannu ta baya a rataye shi don ya amsa laifi, babu aske kai a zaga da shi gari, babu cin tara. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan, kuma duka in ya zama kisa, kisa ne a gaban alƙali. Bindiga ba lasisi kuwa, ko ta toka ce, laifi ce mai zaman kanta.

Wani zai ce ai ɓarawo ba ya jin lallashi. To, mu tuna Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025. 'Yan banga suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16. Su ma waɗanda suka tare motar da sunan tsaron garinsu suka fito. A Zamfara ma kowa ya san yadda kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a ya ƙara wa wutar fetur. Ihun "ɓarawo" ba ya tambayar hujja. Saboda haka ku koya wa 'yan sintirinku cewa in an kama mutum, aikinsu na farko shi ne su kewaye shi su kare shi daga taron jama'a, ɗaya daga cikinsu yana waya.

Bakin da ya kawo labari

Dandalin WhatsApp na unguwa yana da amfani wurin sanarwa: an ga baƙuwar mota, yaro ya ɓata, a rufe ƙofofi. Amma kada a taɓa sa sunan wanda ake zargi ko hotonsa a ciki, balle sunan wanda ya tsegunta. Mu mun yi wannan kuskuren. Wata baiwar Allah ta faɗi gidan da ake ajiye kayan sata, wani ya rubuta a dandali har da cewa daga maƙwabta aka ji. Ashe ƙanen mai gidan yana ciki. Kafin gari ya waye an kwashe kayan, ita kuma aka yi ta jifan rufin ɗakinta har ta bar unguwar. Shekara guda ba wanda ya sake faɗa mana komai.

Daga nan muka ware mutum uku kacal da ke karɓar labarin sirri, su kai wa wakilin hukumar da abin ya shafa baki da baki. Lambar gaggawa ta 112 kyauta ce, ku rubuta ta a bangon masallaci da na makaranta tare da lambar caji ofis ɗinku, kuma ku gwada kiran kowace da rana tsaka kafin ranar buƙata.

Kuɗi

Asusun banki da sunan kwamiti, sa hannun mutum biyu, rasit ga duk wanda ya biya, a karanta lissafi a fili duk wata. A ɗauke wa zawarawa da gidajen marayu. Mai shago ya fi mai ɗaki ɗaya biya. Idan za ku taimaka wa motar sintiri da mai, ku je gidan mai ku zuba ku karɓi rasit, kada ku miƙa tsabar kuɗi ga kowa. Abin da aka fara da kyauta a hannu, kan a jima ya zama haraji.

Ku bi shari'a har kotu

"Mun kama, sun sake." Ba kwamitin da bai yi wannan kukan ba. Wani lokaci gaskiya ne an karɓi na goro. Amma sau da yawa ga abin da ke faruwa: sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ɗan sanda ya nemi mai ƙara ya zo ya ba da bayani, mai ƙara ya ce shi ya karɓi wayarsa ya yafe. Shaidu kowa ya noƙe, ba mai son a gan shi a kotu yana nuna ɗan maƙwabci. To da me za a riƙe shi?

Ku naɗa mutum ɗaya mai haƙuri, tsohon ma'aikaci in akwai, wanda aikinsa bin shari'o'i ne. Ya rubuta sunan ɗan sanda mai bincike, da kotun da aka kai, da ranar zama, ya raka shaidu, kwamiti ya biya musu kuɗin mota. Ku kuma koya wa jama'a su danna *#06# a wayarsu su rubuta lambar da ta fito su ajiye tare da kwalin wayar. Ba tare da ita ba, ko an kamo waya goma a hannun mutum, da wuya ka tabbatar wacce ce taka.

Kwamitin da ke taimakon 'yan sanda shi ya fi kowa bakin yi musu gyara. Beli a caji ofis kyauta ne. Doka ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. In aka yi, a fara da DPO cikin mutunci, in bai gyara ba a je wurin kwamandan yanki, ko sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe a 2015.

Yaran nan namu ne

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayar da aka ƙwata wani ne ke saye, wayar lantarkin da aka yanke wani ne ke ɗora ta a sikeli. Ku zauna da shugabannin masu gyaran waya da na 'yan jari-bola na yankinku, a gaban 'yan sanda da Sifil Difens, a yarda cewa ba a sayen waya ba kwali ko rasit, kuma duk wanda ya kawo tagulla ko murfin kwata a rubuta sunansa. Dillalan gidaje su ma su riƙa kai sabon ɗan haya wurin mai unguwa.

'Yan dabar da ke addabarku kuwa, in kun duba, kun san iyayensu, wasu kun halarci sunansu. Ku lissafa waɗanda ba su yi nisa ba. Liman da uban yaro da wani mai sana'a su zauna da shi, a nema masa gurbi a garejin makanike ko wurin mai walda, wani dattijo ya riƙa leƙa shi duk mako. Ba duka za su tsaya ba. A cikin waɗanda muka gwada, wasu sun koma, ɗaya har ya saci kayan aikin maigidansa muka biya. Amma wanda ya tsaya ya fi sintirin wata guda amfani, don shi ya san ta inda ake shigowa.

Ku kuma riƙe kalanda. Kwanakin tashe, da hawan Sallah, da bukukuwan da ake kiɗan gangi, da lokacin kamfe, su ne lokutan da tsohuwar gaba ke tashi tsakanin unguwanni. Mako biyu kafin kowanne a kira zama na musamman, a gayyato kwamitin unguwar da kuke iyaka da ita, domin in kun kori ɓarna daga lungunku can take komawa.

Duk bayan wata uku a sake zana kwali a ajiye kusa da tsohon, a ga inda jan biro ya ragu da inda ya koma. Ranar da kuka ji an kawo sabon DPO kuwa, kada ku jira ya neme ku. Cikin makonsa na farko mai unguwa ya ja mutum uku ku je yi masa barka da zuwa, da littafin, da kwalin, da takardar alkawuran da wanda ya gada ya bari bai cika ba.